Wa Ya Tsaya a Kan Marayan Armeniya?

A daren 24 ga Afrilu, 1915, 'yan sandan Daular Usmaniyya ta Turkiyya suka bi gida-gida a birnin Istanbul suna kama manyan Armeniyawa. Waɗanda aka kwashe malaman makaranta ne, da limaman coci, da likitoci, da lauyoyi, da 'yan jarida, da mawaƙa, mutum sama da 200 a zubin farko. Daniel Varoujan, mawaƙi kuma shugaban makaranta, yana cikinsu, an kuma kashe shi bayan 'yan watanni. Komitas, malamin cocin nan da ya yi shekaru yana bin ƙauyuka yana tattara waƙoƙin mutanensa, an sako shi, amma hankalinsa bai sake komawa daidai ba har ya rasu a asibitin masu taɓin hankali a Faransa a 1935. Tun kafin wannan dare an riga an karɓe bindigogin Armeniyawan da ke aikin soja, an mai da su 'yan gyaran hanya da dako, ana hallaka su rukuni-rukuni. A ƙarshen watan Mayu aka kafa dokar kora, aka tasa mata da yara da tsofaffi a gaba, a ƙafa, zuwa hamadar Siriya, wajejen Deir ez-Zor.

Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga 600,000 zuwa miliyan ɗaya da rabi. Gwamnatin Turkiyya har yau ba ta yarda a kira abin kisan ƙare dangi ba, tana cewa bala'in Yaƙin Duniya na Ɗaya ne da ya ci kowane ɓangare. Mafi yawan masana tarihi ba su tare da ita a nan, kuma Faransa a 2001, majalisar Jamus a 2016 da fadar shugaban Amurka a 2021 duk sun kira shi da wannan suna.

In aka duba yadda aka jera kisan, za a ga abin da ya rage wa yaron da Allah ya sa yana da sauran kwana. Uban da zai koya masa sana'a ya tafi. Malamin da zai koya masa baƙaƙen harshensa ya tafi. Kakar da za ta gaya masa ko shi jikan wane ne ta faɗi a hanya. Yaro ɗan shekara bakwai ko goma ya fito daga hamada da rai, amma babu babba ko ɗaya a kansa. Saboda haka duk babban da ya fara tsayawa a kansa, ko jami'in gwamnati ne, ko Balaraben makiyayi, ko Baturiyar mishan, ko kawun da ke wata ƙasa, ya sami ikon da ko uba mahaifi ba ya samu a zaman lafiya, domin babu dangi a gefe da za su ce masa a'a. Abin da ya yi da wannan iko shi ne ya raba makomar yaran.

Mafi munin misali shi ne gidan marayu na Antoura a Labanon. Makarantar limaman Faransa ce da gwamnati ta ƙwace lokacin yaƙi, Jamal Pasha, ɗaya daga cikin manyan shugabanni ukun daular, ya tara yaran Armeniyawa wajen dubu a ciki, tare da wasu yaran Kurdawa. Shahararriyar marubuciya Halide Edib ta riƙe ragamar wurin na wani lokaci. Ana ba yaran makwanci, ana ba su ɗan abin da za su ci, akwai aji, akwai malamai. Amma ranar da yaro ya shigo ake karɓe sunansa a ba shi wani, a haɗa masa da lamba. In aka ji shi yana magana da harshen uwarsa, sai a ɗaure ƙafafunsa a yi ta zuba masa sanda a tafin ƙafa. Yunwa da cuta suka kashe ɗaruruwa. Karnig Panian, wanda aka kai can yana ƙaramin yaro daga garin Gurin, ya ba da labarin yadda suke maimaita sunayensu na asali da addu'o'in iyayensu a ɓoye, da yadda manyan cikinsu suke kula da ƙanana. A irin wannan wuri, jagoran yaro na gaskiya shi ne wani yaron da ya girme shi da shekara uku ko huɗu, wanda bai manta ba tukuna.

Kasancewar yaran Kurdawa a Antoura abin lura ne. Su dai Musulmi ne tun daga gida, amma su ma so ake a mai da su Turkawa. Wannan yana nuna cewa abin da ke tuƙa aikin kishin ƙabila ne na masu mulkin lokacin, addini kuwa an jawo shi ne a matsayin kayan aiki. Musulmin da suka ƙi sa hannu suna nan a rubuce. Jalal Bey, gwamnan Halab sannan Konya, ya ƙi bin umarnin kora har aka tsige shi. Husaini Nesimi, hakimin Lice, ya ƙi, aka kashe shi. Sharif Husaini na Makka ya rubuta wa ɗansa Faisal takarda cewa a kare Armeniyawan da suka tsira kamar yadda mutum zai kare kansa da 'ya'yansa.

Tsakanin waɗannan iyaka biyu akwai dubban gidaje na Turkawa da Kurdawa da Larabawan daji da suka ɗauki yara daga ayarin korarru, kuma ba a yi musu hukunci guda. Wani ya ɗauki yaro don kiwon awaki ba tare da lada ba. Wani ya ɗauki yarinya ya ajiye ta har ta isa aure, da ma gonar ubanta yake so. Wani kuma tausayi ne tsantsa, ya ɓoye yaron maƙwabcinsa alhali ya san ransa yake sa wa a haɗari. Sau da yawa ma abin a cakuɗe yake a gida ɗaya: an ceci rai, an so yarinya da gaske, amma an rufe mata baki game da asalinta har ta tsufa. Bayan yaƙi, Karen Jeppe, 'yar ƙasar Danmak da ta zauna a Urfa tun 1903, ta buɗe gidan ceto a birnin Halab (Aleppo) na Siriya da goyon bayan ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani, ta karɓi mata da yara kusan 2,000 da suka fito daga irin waɗannan gidaje. Wasu sun zo da zanen ƙabilar da ta riƙe su a fuska. Wasu kuwa ba su zo ba sam, don sun riga sun haihu, kuma babu uwar da za a ce ta zaɓi tsakanin 'ya'yanta da sunan kakanninta a ce an yi mata adalci.

Mafi yawan marayun da aka tattaro sun girma ne a hannun ƙungiyoyin agaji. Ƙungiyar Near East Relief ta Amurka ta tara kuɗi sama da dala miliyan 100, ta kula da marayu wajen 132,000. A Alexandropol, garin da ake kira Gyumri yanzu, an zuba yara sama da 20,000 a tsofaffin barikokin sojan Rasha, har ana ce wa wurin birnin marayu. Tsarin da suka bi shi ne kowane yaro ya fita da sana'a a hannu: kafinta, ƙira, ɗinkin takalma, tela, aikin jinya, saƙar darduma. Jakob Künzler, mutumin Suwizalan da yara ke kira Baba, ya kwashe marayu kimanin 8,000 daga Turkiyya zuwa Siriya da Labanon a 1922, kuma 'yan matan gidansa na Ghazir ne suka saƙa babbar dardumar da aka kai wa shugaban Amurka Calvin Coolidge a 1925. Maria Jacobsen, ita ma 'yar ƙasar Danmak, ta riƙe nata gidan marayun a Jubail ta Labanon har ta rasu a 1960, a nan aka binne ta. Ba ƙaramin aiki suka yi ba, kuma bai kamata a rage musu ko ƙwayar zarra ba.

Sai dai mai kula da yara dubu ba ya iya zama uban kowane ɗaya, kuma mai kyakkyawar niyya ma yakan so ya sassaƙa yaro ya yi kama da shi. An ga haka a Kanada. Daga 1923 aka riƙa kai yara maza, sama da ɗari gaba ɗaya, wata gona kusa da garin Georgetown a lardin Ontario don a koya musu noma. Masu gonar suka ga ya fi sauƙi a ba su sunayen Turawa, har da sunayen waɗanda suka ba da gudummawa. Yaran suka ƙi, suka ce sunan nan shi kaɗai ya rage musu daga iyayensu, aka kuwa janye. A cikin ma'aikatan akwai wani saurayi Ba'armeniye, Aris Alexanian, wanda yake koya musu harshensu, ya kuma taimaka musu suna fitar da 'yar jaridarsu mai suna Ararat. Mutum ɗaya da ke jin yarensu ya sa gonar ta zama wurin da za a koyi sabuwar rayuwa ba tare da an zubar da tsohuwar ba. A nahiyarmu ma an yi makamancin haka. A 1924 Ras Tafari, wanda daga baya ya zama Sarki Haile Selassie, ya ga wasu marayu 40 'yan badujala a unguwar Armeniyawa ta birnin Ƙudus, ya ɗauko su zuwa Adis Ababa. Bai raba su ba, ya kuma sa su ƙarƙashin malamin kiɗa ɗan ƙabilarsu, Kevork Nalbandian, wanda ya tsara kiɗan taken ƙasar Habasha da aka yi amfani da shi daga 1930 har faɗuwar sarautar.

Amma in ana son ganin aikin jagora daki-daki, rayuwar shahararren mai ɗaukar hoto Yousuf Karsh ce ta fi bayyana shi, domin shi mutum uku suka yi masa tarbiyya, kowa da abin da ya zuba masa.

An haife shi a garin Mardin, a Turkiyya ta yau, a 1908, yana ɗan shekara shida ke nan lokacin da abin ya faro. Ya tuna yana kai wa wasu 'yan'uwan iyayensa biyu abinci a kurkuku, daga baya aka jefa su rijiya da ransu. 'Yar'uwarsa ta rasu a waɗannan shekaru. Malamarsa ta farko mahaifiyarsa ce, Bahia. Karsh ya sha ba da labarin ranar da yara suka jefe shi ya dawo gida goshinsa na jini. Uwar ta ce masa yaran ba su san abin da suke yi ba, in kuma ya ga lallai sai ya rama, to ya tabbata jifarsa ba ta sami kowa ba. Mai karatu na iya cewa wannan ai koya wa yaro tsoro ne. Ni ban ga haka ba. Matar nan ta san cewa a garin da ake jefa manya rijiya, ramuwar yaro kan iya jawo wa gida duka halaka, ta kuma san cewa in ta hana shi fushi gaba ɗaya ƙarya ta koya masa. Sai ta bar masa fushinsa, ta cire masa cutarwa daga ciki. Yaron da ya ga abin da Karsh ya gani yana buƙatar wanda zai fassara masa shi, in ba haka ba shi zai fassara wa kansa, kuma fassarar yaro takan tsaya ne a ɗayan biyu: ko dai duk mutanen can mugaye ne, ko kuma ni ne ban cancanci rayuwa ba.

A 1922 iyalin suka bi ayari suka isa Halab bayan tafiyar kusan wata guda, ba su fito da komai ba. Ba da jimawa ba iyayen suka haɗa abin da suke da shi suka sa shi a jirgin ruwa zuwa Kanada, wurin kawunsa George Nakash, mai shagon ɗaukar hoto a garin Sherbrooke. Burin yaron likita yake so ya zama, kuɗin hakan kuwa babu. Kawu ya sa shi makaranta, ya jawo shi shago, ya ba shi ƙaramar kyamara. Wani hoto da ya ɗauka na yara a fili, abokinsa ya shigar da shi gasa bai sani ba, ya ci dala 50. Ya ba abokin 10, ya aika wa iyayensa sauran a Halab.

A nan ne Nakash ya yi abin da ya fi burge ni a duk labarin. Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ko garejin makaniki ya san yadda yake da wuya maigida ya saki yaron da hannunsa ya fara faɗawa, domin daidai lokacin da ya kamata a yaye shi ne ya fi amfani. Nakash yana da ɗan 'yar'uwa mai hazaƙa, mai biyayya, wanda ba shi da kowa a ƙasar sai shi. Da ya riƙe shi, babu mai zarginsa. Amma ya gane cewa abin da yaron zai iya ya wuce abin da shi zai koya masa, sai a 1928 ya tura shi Boston wurin John Garo, Ba'armeniye daga Kharpert wanda ya yi suna wajen ɗaukar hoton manyan mutane. Wata shida aka shirya, ya yi shekara uku.

Garo ya koya masa wanke hoto da hanyoyin bugawa masu cin lokaci, amma wannan shi ne ƙaramin ɓangare. Ya tura shi ajin zane da yamma, ya ce ya je ya zauna gaban ayyukan manyan masu zane Rembrandt da Velázquez ya duba yadda haske ke sauka a fuska. Garo da hasken rana yake aiki, don haka da la'asar in haske ya ja sai a rufe aiki, shagon ya koma zauren hira. Makaɗa da marubuta da masu faɗa a ji na Boston sukan taru, Karsh kuma shi ke hidimar baƙi, yana kai abin sha yana saurare. Ku duba abin da wannan yake nufi ga saurayin da, a ƙuruciyarsa, duk mai iko da ya sani mai iya kashe shi ne. Kullum yana tsaye kusa da manya, yana ganin suna dariya, suna gardama, suna kuskure, yana kuma ganin ɗan ƙabilarsa, baƙo irinsa, yana zaune a tsakiyarsu ana girmama shi. Babu ajin da ake koyar da wannan, kuma da baki ba ya shiga.

Amfaninsa ya fito ranar 30 ga Disamba, 1941, a majalisar Kanada da ke Ottawa. Firaministan Birtaniya Winston Churchill ya gama jawabi, aka shigo da shi ɗakin da Karsh ya kafa fitilunsa, yana ɓata rai, ƙatuwar tabarsa a baki, ya ƙi ajiye ta. Karsh, ɗan shekara 33, ya matso ya nemi afuwa, ya zare tabar daga bakin firaministan, ya koma ya danna. Fuskar da Churchill ya murtuƙe ta zama hoton da duniya ta fi saninsa da shi, shi ne kuma ke kan takardar fam 5 ta Ingila tun 2016. Garo bai ga wannan rana ba, ya rasu a 1939. Karsh ya ci gaba ya ɗauki Einstein, da Muhammad Ali, da Nelson Mandela, ya kuma ɗauko ƙanensa Malak a 1937 ya koya masa sana'ar, shi ma ya yi suna.

Akwai abin da za a ce a kan wannan tarbiyya, kuma masu suka sun faɗe shi: hotunan Karsh suna ƙawata masu iko, suna nuna kowa a matsayin gwarzo. Mutumin da ya fito daga Mardin ya ƙare rayuwarsa yana neman alheri a fuskokin shugabanni, bai juya kyamararsa ga abin da aka yi wa mutanensa ba. Ina ganin sukar tana da tushe, kuma daga wurin malamansa abin ya samo asali. Uwa ta koya masa kau da kai daga ramuwa, Garo ya koya masa neman girma a fuskar mutum. Sun ba shi hanyar rayuwa, hanyar kuwa ta bi ta gefen raunin ne, ba ta ratsa ta cikinsa ba. Ba na jin akwai wanda ke da hurumin ce masa da ya zaɓi wata.

Wanda ya ratsa ta cikin raunin shi ne mai zane Arshile Gorky, kuma labarinsa yana hana mu ɗaukar lamarin da sauƙi. Sunansa na yanka Vostanik Adoian, daga wani ƙauye a bakin tafkin Van, a gabashin Turkiyya ta yau. Mahaifinsa ya tafi Amurka tun yana ƙarami. Sun tsere da uwarsa da 'yan'uwansa mata a 1915, uwar ta mutu da yunwa a Yerevan a 1919, shi kuma ya isa Amurka a 1920. Ya tarar da uban, amma ba su jitu ba. Bai sami kawu irin Nakash ba, bai sami zaure irin na Garo ba. Sai ya canza suna da kansa, yana ce wa mutane shi daga Rasha yake, ya ɗauki Cézanne da Picasso a matsayin malamai ta hanyar kwaikwayon ayyukansu shekara da shekaru, malaman da ba su san da shi ba, ba kuma za su tambaye shi yadda ya kwana ba. Wani hoto da aka ɗauke shi da mahaifiyarsa a 1912 kuwa, ya yi shekaru yana zana shi yana gogewa yana sakewa. Ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zanen Amurka, har wasu irin su Willem de Kooning suna ɗaukarsa jagora. A 1946 gobara ta cinye ɗakin aikinsa, aka yi masa tiyatar ciwon daji, a 1948 ya yi haɗarin mota, aurensa ya lalace, ya kashe kansa a watan Yulin shekarar. Zalunci ne a ce rashin ubangida ne ya kashe shi, masifun da suka taru masa sun isa su karya kowa. Abin da za a iya cewa kawai shi ne, lokacin da suka zo, kusan babu wani a kusa da shi da ya san ko shi wane ne da abin da ya baro a Van.

Jikokin waɗanda suka tsira ba su manta da bashin waɗanda suka ceci kakanninsu ba. Lambar yabo ta Aurora da suka kafa, wadda aka fara bayarwa a 2016, don masu ceton rayuka ce a ko'ina, kuma a 2019 Zannah Mustapha na Maiduguri, wanda makarantarsa ke karɓar marayun rikicin Boko Haram daga kowane ɓangare, yana cikin mutum ukun da aka karrama.

Su kansu marayun da yawa sun koma aji a matsayin malamai. A 1930 Levon Shant da Nikol Aghbalian suka buɗe makarantar Jemaran a Beirut don 'ya'yan 'yan gudun hijira, Karnig Panian kuwa, wanda ya fito daga gidan da ake dukan yara saboda yarensu, ya yi shekaru masu yawa yana koyarwa a can har ya zama mataimakin shugaban makarantar. Irin waɗannan makarantu na Beirut da Halab ne suka riƙe Armeniyancin Yamma, karin harshen da mutanen Van, da Kharpert, da Istanbul suka bari a hannun 'ya'yansu, kusan ƙarni guda ba tare da wata gwamnati a bayansa ba. A 2010 hukumar UNESCO ta sa shi cikin harsunan da ke fuskantar barazanar ɓacewa, yaƙin Siriya kuma ya sake tarwatsa yawancin Armeniyawan Halab zuwa wasu ƙasashe.